Keken katakon maigidana

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce surukarki ta sa kafinta ya haɗa wa maigidana keken katako mai ƙafa uku, ta hana a sayo na kanti da ake zaunar da yaro a ciki, ta kuma yi miki faɗa don kin fizgo shi da hannu ɗaya da ya doshi murhu. Kina tambaya ko tsohuwar al'ada ce kawai. Al'ada ce, amma gaskiya na wajenta.

Ki zauna ki kalle shi yana tatata. In ya miƙe gaba yakan kai inda ya nufa. Wurin juyawa ne yake zubewa. Ke in za ki sha kwana, ido ke fara zuwa, kai ya bi, sannan kafaɗa da ƙugu, ƙafa ce ta ƙarshe, ba ki ma sani ba. Shi kuwa kai da gangar jiki tare suke juyawa kamar an ɗaure su da igiya, sai ya yi 'yan shekaru kafin kai ya koyi shigewa gaba. Ga uban kai kuma! Kan jariri kusan kashi 1 cikin 4 ne na tsawonsa, na babba kusan 1 cikin 8. Nauyinsa yana sama ke nan, shi ya sa yake ware ƙafafu, ya ɗaga hannuwa, ya juya da 'yan ƙananan taku, wani lokaci ya zauna daɓas ya canza hanya da rarrafe.

Da keken katako tafin ƙafarsa na ƙasa, shi ke ɗauke da nauyin kansa. In ya ci karo da bango, dole ya ja baya, ya karkato keken, ya sake dasa ƙafa. Koyon ke nan. Na kanti kuwa yaro na rataye yana tura ƙasa da yatsu, tayoyi ke juya masa, ga gudu. Kafin ki ajiye ludayi ya isa tukunya ko bakin matattakala. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da irin wannan keken na kanti tun 2004 saboda raunukan da yara ke ji.

Batun hannu ya fi damuna. Kafin yaro ya kai shekara 5 jijiyar da ke riƙe ƙashin gwiwar hannunsa ba ta yi ƙwari ba, fizga ɗaya na iya gotar da ita. Za ki ga ya saki hannun yana kuka, ya ƙi ɗaga shi. In haka ta faru, asibiti, kada kowa ya ja ko ya murza. In za ki kawar da shi daga wuta, ta hammata biyu za ki ɗauke shi. In kiransa za ki yi, ki zagayo gabansa ki tsuguna, ki daina ƙwala masa kira ta baya.

Ki gaishe min da surukar taki, ki kuma sa a kewaye murhun nan.