Hatimin takarda kamar isnadi yake, ba a tsallake mutum ɗaya

Ɗana, na saurari saƙon muryarka har sau biyu bayan mun fito sallar isha'i. Alhamdu lillahi da Jami'ar Musulunci ta Madina ta karɓe ka, Allah ya sanya albarka. Abu biyu ka tambaya: ko ka miƙa wa ejan ɗin nan na Kano shahadarka da kuɗi, tunda ya ce cikin kwana uku zai dawo maka da ita da hatimi tsaf, ko kuma ka taho da ita haka, in ka sauka ka kai ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda su buga. Duka biyun ban yarda ba.

Kai ɗalibin hadisi ne, saboda haka zan yi maka bayani da abin da ka sani. Wannan buga wa takarda hatimin shaida, tasdiƙi yadda ake kiran sa a nan Saudiyya, isnadi ne, wato jerin masu ruwaya, wane daga wane. Ma'aikacin da ke zaune a ofishin jakadancin Saudiyya bai san shugaban makarantarku ba, bai taɓa ganin sa hannunsa ba. Sa hannun da ya sani shi ne na jami'in Ma'aikatar Harkokin Waje ta Abuja. Shi kuma wannan jami'in ya san na Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ita kuwa Ma'aikatar Ilimi ita ce ke iya tuntuɓar makaranta ko hukumar jarrabawa ta ji ko takardar daga wurinsu ta fito. Kowa yana shaidar wanda ya gabace shi ne kawai. Tsarin ke nan: Ilimi, sai Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin Saudiyya, tare da ofishinsu mai kula da harkokin karatu. In ka fara da na ƙarshe za su mayar da kai na farko, kuɗin mota ya tafi a banza.

Shi ya sa maganar Jidda ba ta taso ba. Hatimin da jami'a ke nema na Saudiyya ne da aka buga a ƙasar da takardar ta fito. Ofishinmu na Jidda ranarsa na zuwa, lokacin da ka gama kana shirin komawa gida: shahadar Madina za ta bi ta Ma'aikatar Harkokin Wajen Saudiyya, ta zo wurin mutanenmu, sannan a tantance ta a Abuja kafin bautar ƙasa. Hanyar ɗaya ce, juya ta kawai aka yi.

Wataƙila ka ji ana cewa yanzu Saudiyya hatimi ɗaya take karɓa. Ta shiga yarjejeniyar birnin Heg ta 1961, wadda ta sa hatimi ɗaya ke wadatarwa tsakanin ƙasashen da ke cikinta, a watan Disamban 2022, gaskiya ne, amma Najeriya ba ta ciki, don haka mu har yanzu doguwar hanya ce tamu.

Kafin ma ka hau motar Abuja, shimfiɗa takardunka a kan tabarma, fasfo a tsakiya, ka bi su harafi bayan harafi. Nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa. Muhammad a fasfo, Mohammed a sakamakon jarrabawa, sunan mahaifi a gaba a wannan, a baya a waccan, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. A gida duk an san mutum ɗaya ne. A nan kwamfuta ce ke dubawa, ita kuwa ba ta san ɗan wane ba. Akwai yaron da ya sauka ɗakina shekarun baya, sunan mahaifinsa Sani. Shahadarsa ta makarantar Arabiyya ta rubuta sunan da harafin tha, yadda Larabawa ke rubuta kalmarsu mai nufin 'na biyu', mai fassarar takardar haihuwarsa kuma ya rubuta shi da sin, yadda ya ji a bakin yaron. Harafi ɗaya. Muka yi ta safa da marwa tsakanin tagogi, kowa na ce mana gobe, har sai da aka sake fassarar. In ka ga irin wannan a naka, yi takardar rantsuwa a babbar kotu tun kana gida, ka kuma tsaya a kan mai fassara ya rubuta sunanka iri ɗaya a ko'ina.

Kada ka kuskura ka kai shahadarka a manne ta da leda don tsoron ruwa. A bayanta ake buga hatimi, a kan leda kuwa tawada ba ta zama. Tawa na nan a akwati, bayanta ya cika da hatimai har ba wurin sa yatsa.

Batun ejan kuwa, ban san shi ba, ba zan ci namansa ba. Amma ma'aikatu biyu da ofishin jakadanci cikin kwana uku, kai ma ka auna. Hatimi a kasuwa ake sassaƙa shi, kuma ranar da aka gane na jabu ne, ba sunan ejan ke kan takardar ba. In dole sai ka wakilta wani, ya kawo maka rasit na kowane ofis. Ni dai na fi son ka je da ƙafarka, ka sauka wurin baffanka a Abuja, ka yi kwafin komai bayan kowane hatimi, ka ɗauki hoto ka turo min.

Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata kukar da ta aiko da azumi ta ƙare. In akwai wuri a jakarka, a ƙaro da busasshiyar kuɓewa.