Ƙasar da ake zuba wa buhu amma take ƙara fari

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa gonar jeji, wadda muke zuba wa Kamfa da Yuriya duk damina, take ƙara fari har ƙuduji na cinye dawa, alhali ta bayan gida da ba ta ganin komai sai toka da shara da kashin awaki geronta ya fi tsayin mutum. Ka ce ko gaskiya ne maganar 'yan majalisa cewa takin zamani ke kashe ƙasa. Ba shi ke kashe ta ba. Amma shi kaɗai ba zai raya ta ba.

Ɗebi ƙasar bayan gida ka ɗan jiƙa ta, ka dunƙula a hannu. Za ta tsaya, ga ta da duhu-duhu. Ta jeji kuwa kana buɗe hannu ta warwatse, rairayi zalla. Duhun nan ruɓaɓɓen kara ne da ganye da kashin dabba, shi malaman gona ke kira kabon na ƙasa. Shuka daga iska take jawo shi ta ganyenta da taimakon hasken rana, ta gina kara da saiwa da zangarniya. In ta ruɓe, wani ya koma sama, wani ya zauna a ƙasa. Wanda ya zauna shi ke riƙe danshi, shi ke riƙe takin da ka zuba kada ruwa ya wuce da shi. Duba lambobin jikin buhun Kamfa, 15-15-15: naitirojin, fosforas, fotash. Babu na huɗu, wato ba a lissafa kabon a ciki ba.

To mu me muke yi bayan girbi? Karan dawa ya tafi danga da murhu, harawa a ɗaure ta a kai kasuwa, abin da ya rage a tara lokacin sharar gona a cinna masa wuta. Wanda ya kwashe don dabbobinsa ban ga laifinsa ba, muddin zai dawo da kashinsu gona. Wutar ce ba ta da hujja. Kabon da naitirojin duka suna bin hayaƙi, tokar da ta rage fotash ce da ɗan fosforas. A da ana barin gona saura ta huta, ana kuma roƙon Fulani su kwana da shanu a gona bayan kaka, a sallame su da damin gero. Yanzu ina filin da za a bari saura? Gonar da kakanka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ne suka yayyanka ta.

Hayaƙin nan kuma yana haɗuwa da na itacen da ake sarewa a yi gawayi, da na fetur da kwal. Iskar kabon da ke sama ta tashi daga kusan kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu, ta haura 420 a yau, ita ke ƙara wa duniya zafi. Kada wani ya ɗora wa manomin Jigawa wannan, rabonmu a ciki kaɗan ne in aka gwada da Amurka da Sin da Turai. Ni asarar gonarka ta fi damuna.

Naitirojin shi ne abin mamaki. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne, amma gero ba ya iya ɗaukar ko ɗigo daga iska. Wake da gyaɗa da waken suya ne ke da hanyar. In damina ta yi nisa ka tumɓuke gindin gyaɗa, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, to ƙwayoyin halittar da ke ciki suna aiki, suna kamo naitirojin daga iska suna ba shuka. Iyayenmu da ke gicciya wake a tsakanin gero, suke kuma hana a sare gawo, sun san amfanin ko da ba su san sunan ba. Gawo da damina yake zubar da ganye, shi ya sa hatsin da ke gindinsa ya fi kore.

A 1909 wani Bajamushe, Fritz Haber, ya gano yadda za a kamo naitirojin na iska da inji, Carl Bosch ya mai da shi masana'anta a 1913. Yuriya daga nan ta samo asali, da iskar gas ake yin ta, kamar a kamfanin Indorama da ke Eleme a jihar Ribas da na Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022. Masana sun kiyasta kusan rabin mutanen duniya da abincin wannan taki suke rayuwa, don haka ba abin zagi ba ne. Matsalarsa ɗaya, ba ya zama. Buhu mai kilo 50, kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, wato kilo 23. Ka watsa shi a saman ƙasa da tsakar rana, rabo mai yawa ya tashi sama, irin warin nan mai hawa ka da kake ji a turken dabbobi. In kuma ruwa mai ƙarfi ya sauka a jigawa wadda ba ta da duhun da na ce maka, ya wuce da shi ƙasa da saiwa, wani har ya kai ga ruwan rijiya. A fadamar shinkafa wani yana tashi ya zama iska mai ƙara zafin duniya. Yawan zuba shi shekara da shekaru ba tare da takin gargajiya ba kuma yana sa ƙasa tsami. Ga inda maganar 'yan majalisa take da ƙamshin gaskiya.

Shi ya sa nake hana ku watsawa. A soka rami da sanda, tazarar tafin hannu daga gindi, a zuba, a take da ƙafa, ƙasa na da danshi. A raba shi biyu, wani bayan firi, wani wajen maimai. Ƙuduji kuwa ƙasar da ta talauce yake so.

Fosforas ba shi da hanya ta iska, daga dutse ake haƙo shi. Wajen kashi 70 cikin 100 na ajiyar duniya a Maroko yake, shi ya sa Najeriya ta ƙulla yarjejeniyar taki da su a 2016, ko da yake akwai irin dutsen a Sakkwato. Duk buhun geron da ka kai Dawanau ya tafi da fosforas ɗin gonarka, ƙarshensa masai da bola a birni. Magabata sun fi mu dabara a nan: da rani jakuna da mangala suke kwaso toka da taki daga cikin birnin Kano zuwa ƙauyukan kewaye, shi ya sa ake noma gonakin nan duk shekara ba hutu, ba su mutu ba. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele a Chadi tana ɗan sauke mana wani, amma bai kai abin da muke fitarwa ba. In ka ga masara ƙarama ta tsumbure, ganyenta ya yi shunayya, fosforas take nema. Supa kuma, wato takin fosforas, a wajen shuka ake sa shi kusa da iri, don ba ya tafiya cikin ƙasa kamar Yuriya.

Sai dai zaizaya tana ɗaukarsa tare da ƙasar ta kai kogi, can ya ciyar da gansakuka da kacalla. Kacallar da ta toshe hanyoyin ruwa a Hadeja zuwa Nguru babban dalilinta dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992, da suka sa ruwa ke kwanciya rani da damina, amma takin da ke gangarowa daga gonakin noman rani yana ƙara mata ƙarfi.

Bana a gonar jeji ba wuta. Tun kafin ruwan fari za ku fara jigilar takin turke da amalanke, a tara tsibi-tsibi, a baza dab da huɗa. Wake ya shiga tsakanin gero, duk tsiron gawo da ya fito a kewaye shi da ƙaya. Kamfa da Yuriya su biyo baya a rami. Kada ka sa rai da canji a damina ɗaya. Kashin kajin da za mu sayo kuma kada a kai shi gindin shuka ɗanye, ƙonawa yake. A tara shi a inuwa, a yayyafa ruwa, a rufe da ciyawa, a riƙa juyawa har zafinsa ya fita.