Shin masana na iya sanin ranar da dutse zai yi aman wuta?

Tambaya: Ana cewa akwai na'urorin da ke sa ido kan duwatsu masu aman wuta dare da rana. To me ya sa har yanzu ake wayar gari dutse ya fashe ya hallaka jama'a?

Amsa: Malam, masana kan gane dutse ya fara motsi, wani lokaci tun da sauran makonni. Amma rana da sa'a, babu na'urar da ke faɗa.

Abin da ke tayar da aman shi ne iskar gas. Can ƙarƙashin ƙasa akwai narkakken dutse mai zafin digiri 700 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyos, cikinsa kuma akwai tururin ruwa da iskar kabon da ta farar wuta, duk a narke saboda nauyin da ya danne su. Da ya fara hawowa sai nauyin ya ragu, iskar ta zama kumfa, ta faɗaɗa, ta ƙara ingiza shi sama. Idan narkakken dutsen ruwa-ruwa ne, kamar na tsibiran Hawai na Amurka, kumfar na samun hanyar fita, sai ya malalo kawai. Idan mai kauri ne saboda yawan sinadarin silika, yakan riƙe iskar har ta yi masa yawa, ya tarwatse ya zama toka da tsakuwa.

Narkakken dutse ba ya hawowa a ɓoye. Yana tsaga duwatsun da ke kan hanyarsa, wannan ke haifar da ƙananan girgizar ƙasa da galibi mutum ba ya ji. Ana kafa na'urorin auna girgiza a kewayen dutsen, aƙalla uku ko huɗu, domin daga bambancin lokacin da motsin ya isa kowacce ake lissafa wurin da zurfinsa. Idan jiya a zurfin kilomita 10 yake, yau ya dawo kilomita 3, an san abu na tafe. Sannan dutsen kan kumbura; ana auna wannan da GPS da hotunan radar na tauraron ɗan'adam, har bambancin 'yan santimita. A 1980 gefen dutsen St. Helens na Amurka ya riƙa turowa kusan mita 2 a kullum kafin ya fashe ranar 18 ga Mayu.

Awon iskar farar wutar da dutse ke fitarwa ya fi kowanne rikitarwa. A dutsen Pinatubo na Filifin, a watan Mayun 1991, ta tashi daga tan 500 a rana zuwa sama da tan 5,000 cikin makonni biyu, sannan ta faɗo ƙasa da tan 300. Wanda bai san aikin ba zai ce an tsira. Masanan kuwa sun yi zargin hanyar fitarta ce ta toshe, tana taruwa a ciki. Aka kwashe dubun-dubatar mutane, ranar 15 ga Yuni dutsen ya yi gagarumin aman wuta.

Inda ake samun matsala shi ne alamun kan bayyana ba tare da komai ya biyo baya ba. A Campi Flegrei, wani yanki mai aman wuta a Italiya, ƙasa ta ɗaga kusan mita 1.8 daga 1982 zuwa 1984, aka tashi mutanen garin Pozzuoli da ke yankin, aman bai zo ba. Wani aman kuma ba ya jiran narkakken dutse ya hawo: ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke yin zafi ya rikiɗe tururi farat ɗaya. Irinsa ne ya rutsa da masu hawan dutsen Ontake na Japan a 2014, kusan mutum 60 suka rasu.

Sau da yawa kuma laifin ba na awo ba ne. A 1985 masana sun riga sun zana taswirar da ta nuna garin Armero na Kolombiya yana kan hanyar ambaliyar laka. Da dutsen Nevado del Ruiz ya yi aman wuta ranar 13 ga Nuwamba, ƙanƙarar da ke kansa ta narke, lakar ta yi tafiyar sama da sa'a biyu kafin ta iso garin. Ba a kwashe jama'a ba, mutum kusan 23,000 suka mutu a yankin.