Amsa ga mai son mayar da gidan tsuntsu roka

Ɗan'uwa, tambayarka ta taɓo mini inda yake mini ciwo, don ni ma na sha wuyar wannan aikin. Ka ce gidan tsuntsun naka ya kai giram 300 tun ba a saka masa komai ba, kana son sanin ko ƙaramin injin roka samfurin D12 zai ɗaga shi, da kuma ko dole ne a yi masa fuka-fukai. D12 dai ka manta da shi. Kafin ka gama saka bututun inji, da fuka-fukai, da lemar da za ta sauko da shi a hankali, da igiya, da gam, da injin kansa, ka doshi giram 450. Lissafin da muka saba shi ne ƙarfin turawa ya ninka nauyi sau 5, ka ga kana neman Newton 22 (ma'aunin ƙarfin turawa) ko fiye, shi kuwa D12 ko rabin hanya da ƙyar ya wuce. Kada kuma harafi ya ruɗe ka. E12 da F15 sun fi D12 daɗewa suna ci, amma turawar tasu ba ta taka kara ta karya ba. Lambar da ke bin harafin ita za ka duba, ita ke nuna ƙarfin turawa. Ka saka bututun inji mai faɗin milimita 29 tun yanzu, ka nemi wani abu kamar F50.

Amma lambar ƙarshe da ke jikin inji, ta jinkiri, wato sakan nawa za a jira bayan wuta ta mutu kafin lema ta fito, ita ce ta kashe mini nawa, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na zo fili da injin mai jinkirin sakan 4. Sai wani dattijo cikinmu, wanda kowa ke gani da girma, ya ɗauki gidan ya jujjuya shi, ya ce wai sakan 4 ya yi kaɗan, lemar za ta buɗe tun yana tsakar hawa ta yage. Ya zaro nasa mai sakan 8 ya miƙo mini, a gaban mutane, yana cewa tun kafin a haife ni yake harba roka. Wa zai yi musu da shi? Gidan ya tashi lafiya lau, tsaye ƙyam, har yara suna tafi. Wuta na ɗaukewa ya tsaya cak, kamar an jefa akwati sama, ya juyo da rufi ƙasa. Ina tsaye ina ƙirga sakan a zuci, ina kallon abin da na ɓata dare da rana ina gogawa da samfefa yana gangarowa. Ya daki ƙasa, bango ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma. Sai da ya gama tarwatsewa sannan muka ji fat, lema ta fito ta shimfiɗu a kan ciyawa, sabuwa fil, ko ƙura ba ta taɓa ta ba.

Ka san abin da mutumin nan ya ce? Wai gam ɗina ne ba shi da kyau. Gam! Ko sannu bai ce mini ba, ya juya ya ci gaba da hira da wasu. Ni na durƙusa ina tsince guntayen rufi, har da 'yar tagar da na zana da hannuna. Kuma har yanzu yana nan yana raba wa sababbi shawara, in ka ji shi sai ka rantse shi ya ƙirƙiro sana'ar. Ban riƙe shi da mugunta ba, amma duk rokokinsa sirara ne, masu zarcewa sama bayan wuta ta mutu. Gidan tsuntsu faffaɗa ne, iska na tare shi nan take, ba ya zarcewa ko'ina. Ka ɗauki mafi gajeren jinkiri da ka samu, ko wa ya ce maka me.

Batun fuka-fukai, na san za a zo a ce maka gajerun abubuwa masu faɗin gindi iskar bayansu na daidaita su. Akwai gaskiya a ciki, amma ni ba zan jingina kan mutanen da ke tsaye a fili da wannan ba. Ka sa guda huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, su zarce ƙasan gidan, kuma su ratsa bango su manne da bututun injin. OpenRocket, manhajar gwada tashin roka a kwamfuta, zai taimaka maka, sai dai lissafin daidaiton roka na Barrowman na 1966 da yake dogara da shi don dogayen rokoki sirara aka yi shi, bai san akwati mai rufi ba. Don haka ka saka inji da lema, ka ɗaura igiya a daidai inda ya daidaita, ka wulwula shi kewaye da kanka. In rufin ne a gaba, madalla. In yana wuntsilawa, ƙara ɗan yumɓu a cikin ƙololuwar rufin, ka sake gwadawa, ka kuma sake auna nauyi.

Af, wane irin rufi gare shi? In mai gangara ɓangare ɗaya ne, canza shi, zai riƙa ture shi gefe. 'Yar sandar da tsuntsu ke sauka a kai ma cire ta. Ƙusoshi da filolin ƙarfe duk ka zare, ƙa'idar NAR, ƙungiyar masu harba ƙananan rokoki ta Amurka, ba ta yarda da ƙarfe a jiki ko kai ko fuka-fukai ba, kuma dama ba su riƙe komai, ka bi kowace gaɓa da gam na katako. Ni har bangon na rage wa kauri daga ciki, nauyi ya sauka sosai.

Ƙofar tsuntsun nan kuma, in ka bar ta a buɗe ba tare da bututun ya ratsa tun daga ƙasa har rufi ba, iskar da za ta turo lema ta nan za ta fice, rufin da ya kamata ya buɗe lema ta fito ko motsi ba zai yi ba. Igiyar Kevlar, mai jure zafi, wadda ke riƙe lemar, ka ɗaure ta a jikin bututun inji, kada ka manna ta a bango. Sannan ka lura da bakin rufin da ya fito waje, yana iya gogar sandar harbawa ya riƙe ta. Ko ka huda rufin sandar ta wuce, ko ka ɗaga zoben da sandar ke ratsawa daga jikin bango. Sandar ma ta zama doguwa mai kaurin milimita 6, siririya lanƙwashewa take yi da irin wannan nauyin.

Fenti ka bar shi sai bayan tashin farko, wannan ma don zuciyarka na faɗa. Ranar harbi a ja da mutane baya aƙalla mita 9, ni da na fi so a ninka, kuma in akwai iska a haƙura. Turo mana hoton ƙasan gidan da nauyinsa bayan ka rage bangon, mu ga inda bututun zai zauna.