Intanet ta mitocin talabijin da babu tasha a kansu

Malam, kana tambaya ko mitocin talabijin da ke zaune babu tasha za su iya kai intanet makarantarku ta bayan Shika. Ƙwarai za su iya. Tun 2008 Amurka ta buɗe su ga na'urori marasa lasisi, domin siginarsu tana cin nisa, tana ratsa bishiyoyi fiye da ta Wi-Fi. Na sha ɗaura eriya a Samaru, na ga yadda ganyen mangwaro ke cinye siginar Wi-Fi da damina.

Sai dai dole na'urar ta riƙa duba rumbun bayanai ta san mitar da babu kowa a wurin, kada ta hau kan ta NTA. Kafin ka kashe ko sisi, ka tuntuɓi NCC, hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, tukuna.