Dalilin da ya sa muke tambayar baƙo inda aka ɗauki yatsansa

Kawu, ka ce ka ji labarin cewa a wurinmu nan Italiya, baƙo bai gama shan ruwa ba ake tambayarsa, "A ina aka ɗauki yatsanka?" Ka ce wannan ba tarbiyyar gida ba ce. Gaskiya ne muna yi, amma wallahi tausayi ne ya kawo haka.

Tun 2003 Tarayyar Turai take da wani rumbun kwamfuta mai suna Eurodac, inda ake ajiye zanen yatsun masu neman mafaka. Ƙa'idar da ake kira Dublin kuma ta ɗora wa ƙasar da mutum ya fara shiga nauyin sauraron maganarsa. Yaro zai dangwala yatsa a tsibirin Lamfedusa na Italiya, ya sha wuya ya kai Jamus, na'ura ta tona shi, a ce ya koma Italiya inda ya fara shiga. Shi ya sa muke tambaya tun daga bakin ƙofa, don mu san wane lauya za a kai shi, kuma nawa za a cire daga asusun da muke tarawa duk wata.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne harkar ta zama kasuwa. Hukumar tsaron iyaka ta Turai, Frontex, kasafinta Yuro miliyan 6 ne a 2005. Zuwa 2022 ya haura miliyan 700. A 2020 ta ba kamfanin jiragen sama na Airbus da kamfanin Isra'ila, Israel Aerospace Industries, kwangilar jirgi maras matuƙi mai suna Heron, wanda ke tashi daga Malta yana shawagi a kan Bahar Rum. Ƙungiyar Human Rights Watch ta zargi hukumar da cewa abin da jirgin ya hango yana taimaka wa masu gadin tekun Libiya su kamo kwale-kwale su mayar. Akwai waɗanda muke salla sahu ɗaya da su da suka ɗanɗani gidajen tsare mutane na can, har yau ba sa son a tayar da zancen.

Kuma kada ka ɗauka abin ya tsaya a bakin teku. Matsin Turai na cikin abin da ya sa Nijar ta yi dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure, wadda ta jefa direbobin Agadas a kurkuku, har sojoji suka soke ta a Nuwambar 2023.

Kai ma da kake shirin zuwa da biza, tun Oktoban 2025 aka fara maye gurbin hatimin fasfo da ɗaukar yatsa da hoton fuska a iyakokin Turai. Idan ka zarce wa'adinka, na'urar ce za ta ƙirga kwanakin, ba jami'in da za ka roƙa ba. Turo mini ranar da bizarka za ta ƙare kafin ka sayi tikiti.