Amsa: Masu zanen Indiya na zamani, da wa zan fara?

Malam, ka ce kana son sanin masu zanen Indiya na zamani da salonsu, to ni dai ka fara da M.F. Husain. An haife shi 1915, kuma ka san da me ya fara cin abinci? Zanen manyan allunan tallan finafinai a Bombay, shi ya sa ko da ya shahara hannunsa bai daina sauri ba, layi mai kauri, kala mai ƙarfi, ga dawakai kamar za su tsallako daga jikin allon, su ne ma tambarinsa. Mutumin ko takalmi ba ya sawa. Madhuri Dixit kuwa da muka sani a fim ya zana ta ya fi a ƙirga. Rigima ta taso kan yadda ya zana allolin Hindu, ƙararraki suka yi masa yawa ya bar ƙasar a 2006, ya karɓi takardar zama ɗan Katar, ya rasu a Landan 2011.

Abokinsa S.H. Raza daban ne, ya yi shekaru wajen sittin a Faransa, shi zanensa baƙin ɗigo ne a tsakiya wanda suke kira bindu, sai kaloli su kewaye shi. Sai ka nutsu kafin ya shige ka gaskiya.

Cikin masu rai akwai Subodh Gupta ɗan jihar Bihar, shi da kwanuka da tukwanen silba na kicin yake aiki, a 2006 ya haɗa ƙaton ƙoƙon kan mutum da su. Matarsa Bharti Kher ma gwana ce, ɗigon goshin nan na matan Indiya take liƙawa dubbai a jikin aikinta.